Bogong da Ortolan: Tarihin Cin Kitsen Matafiya a Ostireliya da Faransa

A cikin halittun da ke ƙaura da dare akwai guda biyu da mutane suka gina al'adar ci a kansu saboda abu ɗaya, wato kitsen da suke tarawa a jiki a matsayin guzuri. Na farko ƙwaro ne daga jinsin faɗa-wuta, dangin malam-buɗe-littafi masu yawo da dare, ana kiran sa bogong a kudu maso gabashin Ostireliya, masana kuma suna ce masa Agrotis infusa. Na biyu ɗan tsuntsu ne mai rera kuka, ortolan, wanda sunansa na kimiyya shi ne Emberiza hortulana. Yana hayayyafa a Turai da yammacin Asiya, idan sanyi ya shigo ya ƙetaro Sahara. Yawan kowannensu ya yi mummunar raguwa tun daga wajajen 1980, kuma kowanne yana da tarihin farauta mai tsawo. Sai dai rawar da farautar ta taka wajen raguwar ta sha bamban ƙwarai tsakanin ƙasashen biyu.

Bogong ba shi da wani kyan gani. Launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, faɗin fukafukansa idan ya buɗe bai wuce santimita 5 ba. Rayuwarsa takan fara ne a filayen kudancin Queensland da yammacin New South Wales da Victoria, inda ƙasa laka ce mai tsagewa idan ta bushe. A watannin sanyi na can, wato tsakiyar shekara, tsutsarsa tana ɓuya a ƙasa da rana, da dare ta fito ta yanke ganyayyaki daga tushe. Wannan ɗabi'a ce ta sa manoma suka daɗe suna lissafa ta cikin maɓarnata gona. Daga Satumba zuwa Nuwamba sai ƙwarin su fito da fukafukai su nufi tsaunukan kudu maso gabas, tafiyar da kan kai kilomita 1,000. Can a saman duwatsu, inda tsayi ya haura mita 1,500, suna shiga kogwanni da tsagar duwatsu masu sanyi, su manne a bango, kowanne ya cusa kansa ƙarƙashin fiffiken na gabansa. An ƙiyasta cewa murabba'in mita guda na bango yana ɗaukar ƙwari kusan 17,000. Haka suke kwance ba ci kusan wata huɗu har zafi ya wuce. A Fabrairu da Maris su juyo gida, su yi barbara, su saka ƙwai, su mutu. Babu ƙwaron da ke yin tafiyar sau biyu, saboda haka babu wanda ya koyi hanya daga iyayensa. Binciken da Eric Warrant na Jami'ar Lund da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya nuna cewa ƙwaron yana jin ƙarfin maganaɗisun ƙasa, wani kuma da suka fitar a 2025 ya nuna yana karanta taurari ya gane alƙibla.

Abin da ke riƙe shi a tsawon wannan azumi shi ne kitse, wanda ya haura rabin nauyin jikinsa idan an busar da shi. Mutanen asalin ƙasar sun san da haka tun da daɗewa. A da, al'ummomi irin su Ngarigo da Walgalu da Ngunnawal da Jaitmathang da Dhudhuroa sukan haura tsaunuka idan ƙanƙara ta narke, wasu daga nesa sosai. Akan kankare ƙwarin daga bango da sanda zuwa cikin raga ko ɓawon itace, ko kuma a turara musu hayaƙi su zubo. Sai a share wuri a hura wuta, idan ƙasa ta yi zafi a janye garwashin, a zuba su a juya na ɗan lokaci har fukafukai da ƙafafu su ƙone, a sheƙe toka. Wanda ya san yadda ake sarrafa fara a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wasu akan ci nan take, wasu a niƙa su a dutse a cura, a ƙyafe curin da hayaƙi don ya jima bai lalace ba.

Wani likita Bature mai nazarin halittu, George Bennett, ya bayyana wannan aiki a littafin tafiye-tafiyensa na 1834. Ya ce ɗanɗanon ya yi kama da na ƙwayar itace mai mai, kuma cin farko yakan sa amai kafin ciki ya saba, daga nan sai jikin mutum ya murje. Ya lura har hankaki suna taruwa a wurin su yi ƙiba, su ma a kama su. Amma abinci ɓangare ne kawai na lamarin. Samun abinci mai yawa a wuri guda shi ya ba ɗaruruwan mutane masu harsuna daban-daban damar zama tare na makonni, a shigar da samari cikin manya, a ƙulla aure, a yi musayar kaya, a sasanta rigingimu. Josephine Flood, masaniyar tarihin tono, ta tattara bayanan wannan al'ada a littafinta The Moth Hunters na 1980. A 2021 kuma aka wallafa sakamakon wani tono da aka yi tare da al'ummar GunaiKurnai a kogon Cloggs kusa da Buchan a jihar Victoria, inda aka sami ɗan dutsen niƙa ɗauke da ɓurɓushin bogong mai shekaru kusan 2,000.

Al'adar ba ta mutu don ƙwarin sun ƙare ba. Turawa sun kafa zango a Sidni a 1788, kuma daga shekarun 1820 zuwa 1830 masu kiwon shanu da tumaki suka kutsa filayen Monaro da gindin tsaunuka. Agana da sauran cututtuka, da kisa, da ƙwace ƙasa, da kwashe waɗanda suka saura zuwa sansanonin mishan da na gwamnati, suka wargaza al'ummomin. Zinariyar da aka gano a Kiandra a 1859 ta ƙara jawo dubban baƙi cikin tsaunukan. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare manyan tarukan sun tsaya. Ƙwarin kuwa suka ci gaba da zuwa da biliyoyinsu, ba mai kankare su daga bango sai hankaki da ƙananan dabbobi. Lokacin da masanin ƙwari Ian Common ya fara bin diddiginsu a tsaunin Gingera a farkon shekarun 1950, kogwannin cike suke maƙil. Har bayan haka mutanen birni kallon fitina suke yi musu. Sabon ginin majalisar dokoki da aka buɗe a Kanbera a 1988 yana kan hanyarsu, fitilunsa kuma sukan jawo su su cika ofisoshi da hanyoyin iska, har aka riƙa rage hasken ginin a lokacin ƙaurarsu.

Tarihin ortolan ya bi wata hanya dabam. Tsuntsun bai fi giram 20 zuwa 25 ba. Namijin yana da kai mai ruwan toka da ɗan kore, maƙogwaro rawaya, ciki ja-ja, da baki mai ruwan hoda. A ƙasa yake sheƙa, cikin gonakin hatsi ko gefensu, amma sai ya sami itace ko waya a kusa da zai hau ya rera kukansa. Shi kansa tsaba yake ci, 'ya'yansa kuwa da ƙwari yake ciyar da su. Yakan iso Turai a Afrilu da Mayu, ya tashi a ƙarshen Agusta da Satumba. Mafi yawan jinsin suna bi ta gabas su sauka a tsaunukan Habasha da Eritiriya. Kaso kaɗan ne ke bi ta yamma, ta Faransa da Sifen da Maroko, su yi hunturu a Afirka ta Yamma, musamman tuddan Gini da maƙwabtanta.

Tun zamanin Rumawa ake tsare ƙananan tsuntsaye a ciyar da su wani nau'in gero har su yi ƙiba, kuma marubucinsu Varro ya ambaci hakan a littafinsa kan aikin gona. A Faransa ortolan ya zama abincin fada da na attajirai, har Alexandre Dumas ya ba shi gurbi a ƙamus ɗinsa na girki da ya fito a 1873. Amma cibiyar sana'ar karkara ce, lardin Landes a kudu maso yammacin ƙasar, inda tsuntsayen ke ratsawa kafin su haye tsaunukan Pyrenees. A da, manoman yankin suna jera ƙananan tarkunan waya da suke kira matole a gefen gona, su zuba tsaba a ƙarƙashi, su rataye keji da ortolan mai rai a ciki don kukansa ya sauko da 'yan uwansa masu wucewa. Tarkon yana kife tsuntsu ne da ransa, domin a wannan sana'a mataccen tsuntsu ba shi da daraja. Aikin na gaba shi ne kiwo. Akan ajiye shi a wuri mai duhu kusan mako uku, ga gero ga ruwa. Duhun yana rikita masa lissafin dare da rana, sai ya yi ta ci kamar mai shirin ƙetare hamada, har nauyinsa ya ninka. Daga nan a nutsar da shi cikin barasar yankin da ake kira Armagnac, a fige, a gasa shi na 'yan mintoci a ɗan kasko cikin kitsensa.

Yadda ake cin sa ya fi girkin shahara. Mai ci yakan lulluɓe kansa da adikon tebur, ya sa tsuntsun gaba ɗaya a baki, ya tauna har da ƙashi. Masu girki sun ce lulluɓin yana tare ƙamshi ne, wasu sun ce don kada a ga munin taunar ne, wasu kuma suka ce ɓoye kunya ne daga Ubangiji. Labarin da ya fi yawo shi ne na tsohon shugaban ƙasa François Mitterrand, wanda ɗan jarida Georges-Marc Benamou ya rubuta cewa ya ci ortolan a liyafar daren 31 ga Disamba 1995 a gidansa na Latche da ke Landes, kwana takwas kafin rasuwarsa. Wasu makusantansa sun musanta labarin. Ko ma yaya ne, ya nuna irin mutanen da al'adar ta dogara da su, kuma ya bayyana dalilin da doka ta daɗe tana jan ƙafa.

A 1979 ƙasashen tarayyar Turai suka amince da dokar kare tsuntsayen daji, wadda ta haramta kama irin wannan tsuntsu. Faransa ba ta sa ortolan cikin jerin tsuntsayen da dokarta ke karewa ba sai 1999, shekara 20 bayan haka. Ko bayan nan hukumomi a Landes sun ci gaba da kawar da kai, bisa wata fahimta da ba a rubuta ba, cewa ba za a taɓa mai tarko ba muddin bai wuce wani adadi na tarkuna ba. An ƙiyasta ana kama kusan 30,000 a kowace kaka, kuma tsuntsu ɗaya da aka kiwata yakan kai Yuro 150 a kasuwar bayan fage. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta LPO, ƙarƙashin Allain Bougrain-Dubourg, ta shafe shekaru tana shiga gonaki tana lalata tarkuna, ana ta arangama da manoma. A 2014 wasu manyan masu girki, cikinsu har da Alain Ducasse da Michel Guérard, suka nemi a ba su izini na ɗan lokaci a kowace shekara, da hujjar kada gadon girkin ƙasar ya ɓace. Ba a ba su ba.

Babbar hujjar masu tarko ita ce ortolan yana da yawa, miliyoyi ne a Rasha da gabashin Turai, don haka 30,000 ba komai ba ne. Gaskiya ne cewa a ma'aunin duniya Ƙungiyar Kare Halittu ta IUCN ba ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa ba. Amma tambayar da ta dace ita ce daga ina tsuntsayen da ke ratsa Landes suke fitowa. Gwamnatin Faransa ta ɗauki nauyin wani bincike a ƙarƙashin Frédéric Jiguet na Gidan Tarihin Halittu na Paris. Aka ɗaura wa tsuntsaye ƙananan na'urori masu nuna inda suka bi, aka gwada sinadaran gashinsu da ƙwayoyin halittarsu. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa na Rasha gabas suke bi. Waɗanda ke faɗawa tarkon Landes, daga cikin kusan 300,000 da ke wucewa ta wurin, sun fito ne daga arewaci da tsakiyar Turai, irin su Poland da Jamus da Sweden da Norway, wato daidai wuraren da jinsin ke durƙushewa. Ƙidayar Turai ta nuna raguwar kashi 88 cikin 100 tun 1980. Tun kafin a wallafa binciken, Hukumar Tarayyar Turai ta kai ƙarar Faransa kotu a Disamba 2016. A Agusta 2017 ministan muhalli Nicolas Hulot ya ba da umarnin a daina kawar da kai, aka fara kamawa da gurfanarwa, hukumar kuma ta janye ƙarar.

Duk da haka zalunci ne a ɗora wa manoman Landes laifin gaba ɗaya. Ortolan ya daina hayayyafa a Beljiyam da Holan, ya kusa ƙarewa a Norway, ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a Finland, kuma abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne sauyin noma. An haɗe ƙananan gonaki sun zama manya, an sare itatuwan kan iyaka, amfanin gona iri ɗaya ya maye gurbin gauraye, maganin feshi ya rage ƙwarin da 'ya'yan tsuntsun ke ci. Tarko ya zo ne a kan jinsin da dama ya riga ya raunana. Masu binciken sun lissafa cewa dakatar da kamun zai ninka damar tsirar waɗannan tsuntsaye, amma ba su ce zai mayar da su yadda suke a da ba.

A daidai shekarar da Faransa ta tsaurara doka, bogong ya faɗi warwas. Bayanan da Ken Green da abokansa suka tattara daga 1951 zuwa 2020 sun nuna cewa yawansa bai sauya sosai ba har wajajen 1980, daga nan ya fara raguwa a hankali. Sai fari mai tsanani ya afka wa yankin kogunan Murray da Darling daga 2017 zuwa 2019, wato ainihin filayen da tsutsar ke girma. Ruwan saman lokacin sanyi bai sauka ba, ganye bai fito ba. Jinsin da ake ƙiyasta yawansa da kusan biliyan 4 a shekara ya ragu da kimanin kashi 99.5 cikin 100, wasu kogwannin da aka san su da cika aka tarar da bangonsu fayau. A Disamba 2021 IUCN ta sa shi a Jan Kundinta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Fari shi ne bugun ƙarshe, amma raguwar da ta gabace shi tana da nasaba da mayar da filayen laka gonakin auduga da shinkafa na ban-ruwa, da feshin maganin ƙwari, da ɗumamar yanayi, da fitilun birane masu karkatar da shi daga hanya.

Ɓacewar ƙwaron ta taɓa tsaunin gaba ɗaya, domin shi ne ke ɗauko abinci daga filaye ya kai sama. Wadda ta fi jin jiki ita ce wata 'yar dabba mai jaka a ciki, Burramys parvus, wadda ba ta fi ɓera girma ba. An fara sanin ta ne ta hanyar tsofaffin ƙasusuwa a ƙarshen ƙarni na 19, ana zaton ta daɗe da ƙarewa, sai a 1966 aka tsinci ɗaya da rai a wani ɗakin masu wasan ƙanƙara a tsaunin Hotham. Tana farkawa daga dogon barcin sanyi daidai lokacin isowar bogong, kuma da kitsensa take shayar da 'ya'yanta. A shekarun farin, masu sa ido sun tarar da iyaye da yawa ɗauke da matattun 'ya'ya a jaka. Hukumar gidajen namun daji ta Victoria har ta haɗa wani abinci na musamman ana kai musu saman dutse, ta kuma roƙi mazauna garuruwan kan hanya su kashe fitilun waje a watannin ƙaura, su aiko da hoton duk bogong da suka gani.

Idan aka jera tarihin biyu, abin da ya fara fitowa shi ne bambancin tsarin haihuwa. Macen bogong tana iya saka ƙwai har 2,000, saboda haka dibar da mutane suka yi na dubban shekaru a wasu kogwanni ba ta girgiza jinsin ba, kuma shekarar ruwa guda tana iya ɗaga shi. An ga alamar haka bayan ruwan sama mai yawa da aka samu daga 2020 zuwa 2022, lokacin da ƙwarin suka ɗan farfaɗo, ko da yake ba su koma yawansu na da ba. Amma tun da zuriya ɗaya ce a shekara, kuma babu babba da ke kai wa baɗi, fari na shekara biyu ko uku a jere yana iya share kusan kowa. Ortolan kuwa ƙwai huɗu ko biyar yake sakawa. Ba ya faɗuwa dare ɗaya, kuma ba ya tashi dare ɗaya. Duk tsuntsun da aka cire daga hanya giɓi ne da zai ɗauki lokaci kafin ya cike.

Akwai kuma bambancin wanda ke da abin zargi a fili. Ortolan yana da mai tarko da za a iya ɗauka hoto, da kotu da za a kai ƙara, da dokar da ta haɗa ƙasashe, da ƙidayar da masu sha'awar tsuntsaye ke yi kowace shekara tun 1980. Shi ya sa aka iya toshe ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofin asararsa, duk da cewa ba ita ce mafi girma ba. Bogong ba shi da mafarauci a yau. Asararsa a warwatse take cikin dubban gonaki da fitilu da sauyin ruwan sama, kuma tsutsarsa tana cikin abin da manomi ke fesa wa magani da izinin doka. Kogwannin da yake kwana suna cikin gandun dajin gwamnati irin su Kosciuszko, amma filayen da yake haihuwa gonakin mutane ne, kuma kariyar saman dutse ba ta kai can.

Matsayin masu al'adar ma ya juya. A Landes jikokin masu tarko suna ganin mutanen birni da Tarayyar Turai sun ƙwace musu gadon iyaye, kuma kamun bai ƙare ƙaf ba, ya dai koma ɓoye ya ragu ainun. A Ostireliya kuwa zuriyar waɗanda aka raba da tsaunukan ne ake komawa wurinsu. Masu kula da ƙasa daga al'ummomi irin su Taungurung da GunaiKurnai suna cikin masu sa ido kan yawan ƙwarin a tsaunuka daga shekara zuwa shekara.